Ina shirin tsayawa takarar hukumar makarantu a Ohio: da wace magana ya kamata in fara?

Maman_Hanifa:
Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa na wannan zaure. Shekarata goma sha ɗaya ke nan a jihar Ohio, a wata ƙaramar gunduma da ke bayan birnin Columbus, kuma 'ya'yana uku duk makarantar gwamnati suke zuwa. Bayan shawara da maigida da kuma istihara, na ƙudurta neman ɗaya daga cikin kujeru biyar na hukumar makarantun gundumarmu. Ga waɗanda suke gida, wannan hukuma jama'ar gunduma ne suke zaɓen mambobinta a watan Nuwamba, a shekarar da babu zaɓen shugaban ƙasa ko na gwamna, kuma ba a rubuta sunan jam'iyya a gaban sunan ɗan takara. Wa'adin shekara huɗu ne. Ita ce take ɗaukar babban jami'in makarantu da ma'aji, ita take amincewa da kasafin kuɗi, ita kuma take sa hannu a yarjejeniya da ƙungiyar malamai. Ba aikin neman arziki ba ne, domin abin da dokar jiha ta yarda a biya mamba bai wuce dala 125 a kowane zama ba.

Abin da ya tunzura ni shi ne ɗana na tsakiya, wanda ya kai aji uku yana kallon hoto yana cinkar kalma maimakon ya karanta ta, alhali takardar sakamakonsa tana nuna cewa lafiya lau yake tafiya. Sai kuma wata maƙwabciyata da aka kira taro a kan ɗanta mai lalurar magana, ta je ta sa hannu a takardun da ba ta fahimta ba saboda babu tafinta. Saboda haka abubuwa uku nake so in sa a gaba: iya karatu kafin a bar aji uku, tafinta ga iyaye, da matsalar yaran da suke yawan fashin makaranta. Amma dattawan masallacinmu sun ce idan ina son ƙuri'ar jama'armu, to hutun Sallah da abincin halal su ne za su zama kan gaba. Ina neman shawararku a kan wanda ya kamata in fara da shi.

Malam_Sabo_Bronx:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya yi jagora. Ni ina bayan dattawan nan, kuma ina da dalili. A nan New York an daɗe ana fafutuka kafin magajin gari Bill de Blasio ya sanar a 2015 cewa za a riƙa rufe makarantun birnin ranar ƙaramar Sallah da babbar Sallah. Wanda bai ga fuskar yaranmu a shekarar farko ba, ba zai san nauyin abin ba. Yaron da a da yake zaɓa tsakanin filin idi da jarrabawa ya gane cewa shi ma ɗan gari ne. Bayan haka, mutanenmu ba sa fita zaɓen ƙananan kujeru, kuma ba za ki fito da direban tasi daga aikinsa da maganar manhajar karatu ba. Da maganar Sallah kuwa zai fito har da matarsa.

Lauya_Aminu:
Kafin a yi nisa, Hajiya, akwai gargaɗin da ya wajaba in yi, domin na ga Malam Sabo yana maganar fito da jama'a. Wanda ba ɗan ƙasa ba, ko da yana da takardar zama ta dindindin, ba shi da ikon yin rajista ko jefa ƙuri'a a Ohio. A 2022 ma jama'ar jihar sun amince da gyaran tsarin mulki da ya rufe wannan ƙofa har a zaɓen ƙananan hukumomi. Wasu suna jin labarin San Francisco, inda aka yarda iyayen yara waɗanda ba 'yan ƙasa ba su yi zaɓen hukumar makarantu, sai su ɗauka ko'ina haka ne. Kuskure ɗaya a nan yana iya hana mutum samun takardar zama ɗan ƙasa, har ma ya kai ga kora. Haka nan masu sa hannu a takardar neman tsayawarki dole su zama masu rajista a cikin gundumar. Ki tara sa hannu fiye da adadin da aka nema, domin ofishin zaɓe yakan soke waɗanda adireshinsu bai dace ba, kuma ki miƙa da wuri, tun da akan rufe karɓa kwana casa'in kafin zaɓe, wato a farkon Agusta.

Hajiya_Ladidi:
Ƙanwata Maman Hanifa, na koyar a makarantar firamare a nan Amurka shekara goma sha tara kafin in yi ritaya, don haka ki ba ni dama in tsawaita. Abin da kika gani a wurin ɗanki ba laifinsa ba ne, kuma ba lallai ne ya zama laifin malamarsa ba. Mu kanmu haka aka horar da mu, wato idan yaro ya ci karo da kalmar da bai sani ba, a ce masa ya dubi hoto, ya dubi harafin farko, ya yi tunanin abin da zai dace. Yaro mai wayo yakan yi shekara biyu yana wannan cinke ba a gane ba, sai ranar da littafin ya daina zuwa da hoto asirin ya tonu. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, na tashi a makarantar allo inda ba a barin almajiri ya wuce babbaƙu sai ya san kowane harafi, sannan a kai shi farfaru ya koyi wasulla, sannan ya fara haɗawa. Hanyar da na baro a gida ita ce masu bincike a nan suka dawo suna cewa ita ce daidai.

Ki dubi jihar Mississippi, wadda tana cikin mafiya talauci a ƙasar. A 2013 ta yi dokar karatu, ta sake horar da malamai a kan koyar da sautin haruffa, ta tura ƙwararru cikin azuzuwa, ta kuma ce yaron da bai iya karatu ba ba zai wuce aji uku ba. A jarrabawar ƙasa ta karatun 'yan aji huɗu, ta tashi daga ta 49 a 2013 zuwa ta 29 a 2019, sannan ta 9 a 2024. Akwai masu jayayya a kan tasirin maimaita aji a cikin wannan sakamako, kuma jayayyar tana da tushe, amma ba wanda yake musun cewa horar da malamai ya yi aiki. Jiharku ma a kasafin 2023 ta wajabta wannan hanya, ta haramta ta cinke. Ke nan ba sabuwar doka za ki nema ba. Aikinki shi ne ki zauna a kujerar nan kina tambayar babban jami'in makarantu malamai nawa aka horar, littattafan da aka saya suna cikin aji ko suna cikin kwali, kuma yara nawa ne a aji biyu suke ƙasa da matakinsu a wannan zangon. Ina girmama Malam Sabo, amma hutun Sallah kwana biyu ne a shekara, rashin iya karatu kuwa yana bin yaro har furfura.

Malam_Sabo_Bronx:
Yaya Ladidi, ban musa ko ɗaya daga cikin abin da kika faɗa ba. Sai dai duk waɗannan tambayoyin sai wanda ya ci zaɓe yake yin su, kuma ni maganar cin zaɓen nake yi.

Injiniya_Houston:
Ni abin da nake so Hajiya ta sani shi ne iyakar kujerar da take nema. Ƙuri'a ɗaya ce cikin biyar. Ba za ta iya shiga makaranta ta ba hedimasta umarni ba, ba za ta iya korar malami ba, kuma idan su uku suka haɗu a gidan wani suka tattauna aikin hukuma a ɓoye, sun karya dokar da ta ce a yi zama a bainar jama'a. Duk abin da ta yi alkawari, sai ta samu mutum biyu sun bi bayanta. Sannan jiha tana sama da su. A nan Houston, a watan Yunin 2023, hukumar ilimi ta jihar Texas ta ajiye zaɓaɓɓun mambobin gefe, ta naɗa nata mutanen, ta kawo Mike Miles ya shugabanci makarantun. Har yau garin a rabe yake a kan ko hakan ya yi amfani. Shi kansa Malam Sabo, a birninsu tun 2002 magajin gari ne yake riƙe da makarantu, shi ya sa sanarwar mutum ɗaya ta isa a ba da hutun Sallah. Hajiya ba ta da wannan gatan.

Malam_Ilu_Hedimasta:
Ina karanta wannan muhawara daga Kano, kuma wallahi har na ji kishi. Shekara talatin da biyu na yi a aikin koyarwa, ban taɓa ganin ranar da uban yaro ya jefa ƙuri'a a kan wanda zai riƙe makarantar ɗansa ba. A wurinmu gwamna ne yake naɗa shugaban SUBEB, wato hukumar ilimin matakin farko ta jiha, sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ma naɗi ne. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, amma jiha ba ta karɓa sai ta ajiye nata kason, shi ya sa kuɗi yakan yi shekaru yana kwance a Abuja yayin da yara suke zaune a ƙasa. Muna da kwamitin kula da makaranta da ake kira SBMC, wanda ake sa mai unguwa da iyaye da wakilan mata da tsofaffin ɗalibai, kuma inda aka dace da mutanen kirki yakan gyara rufi ya bi gida gida ya dawo da yara. Amma ba ya ɗaukar malami, ba ya riƙe albashi. Shawarata ga 'yata Maman Hanifa ita ce ta riƙe batun fashin makaranta da muhimmanci, domin na ga malami nagari da littafi mai kyau sun tashi a banza saboda rabin aji suna talla.

Habou_Maradi:
Baba Malam Ilu, a Nijar muna da COGES, wato irin wannan kwamiti na kula da makaranta, kuma a makarantu da yawa iyaye ne suke zaɓen shugabanninsa ta hanyar ƙuri'ar sirri. A ƙauyenmu wannan ne ya kawo canji, domin lokacin da ake ɗaga hannu a gaban maigari ba wanda yake iya ƙin ɗan'uwansa. Sai dai ƙarshen ikonsu bai wuce rumfar zana da alli da gyaran benci ba.

Ummu_Sadiq_Maryland:
Ina roƙon a dawo kan tambayar 'yar'uwarmu. Akwai wani abu da ba ta ambata ba, kuma za a tare ta da shi a taron farko, wato batun littattafan da ake karanta wa ƙananan yara a kan jinsi da aure. A gundumar Montgomery ta nan Maryland, iyaye Musulmi da Kiristoci sun kai ƙara bayan hukumar makarantu ta janye damar fitar da yaro daga irin wannan darasi, kuma a watan Yunin 2025 Kotun Ƙolin Amurka ta goyi bayan iyayen. Na halarci wasu daga cikin tarukan da aka yi kafin a je kotu, na kuma ga yadda wannan magana ɗaya ta haɗiye kowace magana. An yi watanni ba wanda ya tambayi sakamakon lissafi. Ba ina cewa batun ba shi da muhimmanci ba, ni ma uwa ce. Ina cewa ne ki shirya amsarki tun yanzu, gajeriya, wadda za ki iya maimaitawa a masallaci da coci da gaban ƙungiyar malamai ba tare da kin sauya kalma ba, sannan ki mayar da zancen kan karatu. Idan kika bari aka san ki da wannan batu kaɗai, rabin gari zai so ki, rabi zai ƙi ki, kuma ba ɓangaren da zai saurari abin da ya fito da ke.

Maman_Hanifa:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Barista Aminu, na rubuta gargaɗinka, kuma zan sa liman ya faɗe shi bayan sallar Juma'a. Malam Sabo, na zauna na ƙirga. Iyalan da suke zuwa masallacinmu, waɗanda suke zaune cikin gundumar kuma suke da ikon zaɓe, ba za su cika azuzuwa uku ba. Ko da kowa ya fito, ba za su ɗora ni a kujera ba sai da ƙuri'ar maƙwabtana Turawa da baƙaƙen fata da 'yan Nepal da 'yan Somaliya. Amma ina da wata damuwa da ba a taɓa ba tukuna. Hukumar tana shirin neman ƙarin harajin gidaje, kuma tabbas za a tambaye ni matsayina.

Akanta_Bashir:
To, Hajiya, yanzu kika zo inda gizo yake saƙa. Mutane da yawa suna zaton gwamnatin tarayya ce take riƙe da makarantun Amurka, alhali abin da take bayarwa a shekarun da babu annoba yakan tsaya wajen kashi 10 cikin 100 ko ƙasa da haka. Saura daga jiha ne da harajin gidajen gunduma. Shi ya sa unguwar masu manyan gidaje take da wurin ninkaya a makaranta, ta kusa da ita kuma rufi yana yoyo. Kotun Ƙolin Ohio ta yanke hukunci tun 1997, a shari'ar DeRolph, cewa wannan dogaro da harajin gidaje ya saɓa wa tsarin mulkin jihar, amma har yau ana ta gyara ne ba a gama ba.

Akwai kuma wata doka ta 1976 da ya kamata ki iya bayyanawa da bakinki. A ƙarƙashinta, idan jama'a suka amince da haraji, adadin kuɗin da yake kawowa kusan a daskare yake. Ko darajar gidaje ta tashi, akan rage ma'aunin harajin don kada kuɗin ya ƙaru. Albashi da man motocin ɗaukar yara da inshorar lafiya kuwa kullum hawa suke yi. Wannan ne ya sa hukumomin makarantu suke komawa wurin masu zaɓe bayan 'yan shekaru da ƙoƙon bara, mutane kuma su ɗauka almubazzaranci ake yi. Ki haɗa da cewa tallafin annobar korona, kusan dala biliyan 190 a faɗin ƙasar, wa'adinsa ya ƙare a Satumban 2024, kuma gundumomi da yawa da shi suka ɗauki masu koyar da yara a keɓe. Tafinta da ƙwararrun karatu da kike so duk albashi ne. Ba zai yiwu ki yi alkawarinsu ki kuma ce ba kya goyon bayan harajin ba, sai dai ki nuna layin da za ki yanke a cikin kasafin. Ki nemi kasafin da hasashen kuɗin shekaru masu zuwa, takardun jama'a ne, ki karanta su kafin ki buga ko da fosta ɗaya.

Alhaji_Tanko_Kumasi:
Ni tsoho ne, kuma ɗana ne ya kawo ni Ohio daga Zangon Kumasi, a gidansa nake zaune. Akanta ya yi bayani mai kyau, amma a tuna da dattijuwar da ta gama biyan bashin gidanta tana rayuwa da kuɗin fansho, kuma ba ta da jika ko ɗaya a makarantar. Irinsu ne suka fi fita wannan zaɓe. Idan Hajiya ta ƙwanƙwasa ƙofarta, kada ta ɗauke ta a matsayin maƙiyiyar yara. Ta zauna ta saurare ta, ta gaya mata dala nawa ƙarin zai zama a kan gidanta a wata, da abin da za a yi da shi.

Lauya_Aminu:
Ƙaramin gyara ga Akanta Bashir. Tafinta ba alfarma ba ce da za a jira haraji kafin a yi. Dokar kare haƙƙin jama'a ta 1964, da hukuncin Kotun Ƙoli na 1974 a shari'ar yaran Sinawa na San Francisco, su ne tushen wajabta wa makarantu taimaka wa yaron da bai iya Turanci ba, kuma a kan wannan tushe ne ake buƙatar su yi wa iyaye bayani da harshen da suke ji. Taron da aka kira maƙwabciyar Hajiya, idan na yaro mai buƙata ta musamman ne, dokar tarayya ta ce a tabbatar uwa ta fahimci abin da ake tattaunawa, har da samar da tafinta. Wannan haƙƙi ne da za ta iya nema gobe da safe a rubuce, ko Hajiya ta ci zaɓe ko ba ta ci ba.

Akanta_Bashir:
Na karɓi gyara, Barista. Sai dai wajibi ma da kuɗi ake sauke shi. Majalisar tarayya ta yi alkawarin ɗaukar har kashi 40 cikin 100 na kuɗin ilimin yara masu buƙata ta musamman tun 1975, kuma ba ta taɓa kaiwa ba. Gibin daga aljihun gunduma yake fita.

Hajiya_Ladidi:
Ina so in koma kan maganar Malam Ilu, domin an wuce ta da sauri. A nan ana cewa yaro yana da matsalar fashi idan ya rasa kashi ɗaya cikin goma na kwanakin makaranta, wato kamar kwana 18 a shekara, kwana biyu kacal a wata. Kafin korona kusan kashi 15 cikin 100 na yaran ƙasar ne suke cikin wannan hali, a 2022 kuma ya kai kusan kashi 28. Mu ma muna da hannu a ciki, kuma dole a faɗa. Mukan ɗauki yara mu tafi gida biki ko ganin dangi a tsakiyar zango saboda tikiti ya fi araha, mu yi sati biyar, mu dawo muna mamakin yadda aka bar yaro a baya. Idan ƙanwata za ta tsaya gaban Turawa ta nemi tafinta, to ta tsaya gaban 'yan'uwanta ta faɗi wannan ma. A nan ne kuma nake ganin maganar Malam Sabo tana da gurbi: idan ranar Sallah motocin makaranta suna yawo rabi babu kowa, malamai suna sake darasi washegari, to batun kalanda batun halartar makaranta ne, kuma a haka ya kamata a gabatar da shi.

Malam_Sabo_Bronx:
Alhamdu lillahi, ashe Yaya Ladidi ta biyo hanyata ta bayan gida. Amma ina nan a kan bakana cewa a takardar da za a raba a masallaci, Sallah ce za ta zama layin farko.

Ummu_Sadiq_Maryland:
Malam Sabo, takarda ɗaya ya kamata a buga. A ƙaramar gunduma, wadda aka raba a masallaci ranar Juma'a za ta kai shafin Facebook na unguwa kafin la'asar.

Maman_Hanifa:
Na karɓo kasafin kuɗin jiya, shafi ɗari da wani abu ne, kuma Akanta Bashir ya yarda mu bi shi ta waya ranar Lahadi. Maƙwabciyata ta rubuta takardar neman a sake taron da tafinta, Hanifa ce ta taya ta rubutawa. Batun haraji ban yanke ba tukuna. Ita kuwa takardar kamfe, na rubuta ta sau uku, har yanzu karatun aji uku ne a sama, kalanda tana ta huɗu, kuma ban san yadda zan kai ta gaban dattawa a haka ba. Baba Alhaji Tanko, idan ba za ka damu ba, ina so ka raka ni wurinsu ranar Asabar bayan azahar.

Alhaji_Tanko_Kumasi:
Zan zo in sha Allahu, 'yata, amma ki turo a ɗauke ni, domin ɗana yana aiki ranar. Ki zo da takardar sakamakon yaron nan na aji uku, da littafin da ya kasa karantawa.